Daga Kamfas Zuwa GPS: Tarihin Neman Hanya a Kan Dutsen Ben Nevis

Idan tsayi ake magana, Ben Nevis ba ya cikin sahun manyan duwatsun duniya. Mita 1,345 ne kacal, ko Chappal Waddi na Jihar Taraba ya fi shi da sama da mita dubu. Sai dai a duk Birtaniya babu wanda ya kai shi, kuma inda Allah Ya ajiye shi, a yammacin Sikotland, bayan garin Fort William, duk iskar da ta kwaso ruwa daga Tekun Atlantika a kansa take fara sauke kaya. Ruwan da ke zuba a ƙololuwarsa a shekara ya haura milimita 4,000, ninki biyu na abin da garin da ke gindinsa ke samu. A tsakiyar hunturu, kusan kashi 80 cikin 100 na lokaci kansa a cikin hazo yake. Duk da haka sama da mutum 100,000 ke hawansa kowace shekara, domin hawan dutse tsohuwar al'ada ce a can: ma'aikaci ya samu hutun ƙarshen mako, sai ya ɗaura takalmi, ya goya jaka, ya nufi tsauni.

Hanyar da yawancinsu ke bi ba ta da wuyar ganewa. Tana tashi daga kwarin Glen Nevis, ta bi ta kusa da wani ɗan tafki a rabin tafiya, ta yi ta lanƙwasa a jikin gangaren yamma har ta kai sama. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 16 ne, awa bakwai zuwa tara ga mai matsakaicin ƙarfi. A saman ne gizo ke saƙar. Kan dutsen fili ne mai faɗi, shimfiɗe da ɓaraguzan duwatsu, ba itace, ba ciyawa, ba abin da ido zai kama. Ta arewa maso gabas filin ya yanke kwatsam, ya zama bango mai zurfin kimanin mita 600, ga kwazazzabai sun ci cikin filin har gab da hanya. Ta kudu maso yamma kuma akwai gangaren da ke farawa a hankali, mai jan ƙafar wanda ya gaji, kafin ya zarce cikin kwazazzabon da ake kira Five Finger Gully, inda rayuka da dama suka salwanta. Ranar da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, hazo ya rufe sama, fari ya haɗu da fari, mutum ba ya iya bambance inda ƙasa ta ƙare da inda sarari ya fara.

Shi ya sa akwai lambobi biyu da masu hawan wannan dutse ke haddacewa, har ana buga su a jikin taswira. Daga ginshiƙin safiyo da ke ƙololuwa, mai saukowa zai saita kamfas a digiri 231, ya yi tafiyar mita 150 yana ƙidayar taku, don ya kewaye bakin kwazazzabon Gardyloo Gully da ke hannun damansa. Daga nan ya juya zuwa digiri 282, ya miƙe, kada ya bar gangare ya ja shi hagu. Wanda ya juya da wuri zai taka bakin ramin arewa. Wanda ya makara, ko ya bi sauƙin ƙafa, Five Finger zai nufa. Wannan 'yar tazara ita ce wurin da ya fi dacewa a gwada duk wata dabarar neman hanya da aka taɓa kawowa dutsen, har da na'urar GPS ta hannu.

Taswirar kirki ta farko ta wannan yanki yaƙi ne ya haife ta. Bayan sojojin gwamnatin Birtaniya sun murƙushe tawayen magoya bayan gidan sarautar Stuart a fagen Culloden a 1746, sai suka tarar ba su san tsaunukan da 'yan tawayen suka ɓuya a ciki ba. A 1747 aka sa wani matashi, William Roy, aikin zana ƙasar, suka shafe shekara takwas shi da mutanensa suna jan sarƙar awo a kwari da tudu. Daga wannan tushe hukumar safiyo ta ƙasa, Ordnance Survey, ta tsiro a 1791, kuma ita ce a 1847 ta raba gardamar da aka daɗe ana yi, ta tabbatar Ben Nevis ya fi dutsen Ben Macdui tsayi.

Hanyar da ake bi yau kuwa, masu binciken yanayi ne sanadinta. A lokacin zafi na 1881 da na 1882 wani mutum mai suna Clement Wragge ya riƙa hawa dutsen kusan kullum yana auna sanyi da iska da ruwa, don ya nuna amfanin kafa tasha a sama. A 1883 aka gina tashar, aka fasa mata hanyar da doki zai iya bi da kaya. Shekara 21 ma'aikatanta suna fita kowace awa, dare da rana, suna karanta ma'aunai, har kuɗi ya ƙare aka rufe ta a 1904. Kangonta na nan, kuma a kan ragowar hasumiyarta aka ɗora ɗan ɗakin fakewa, can sama, don kada ƙanƙara ta binne ƙofarsa.

Daga wancan zamani har kusan ƙarshen ƙarni na 20, mai hawa da taswira da kamfas da agogo ya dogara, sai kuma ƙafarsa. A 1892 wani gwanin hawa ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar da lissafin da ake koyarwa har gobe, wanda a ma'aunin yanzu yake nufin awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. A 1933 kamfanin Silva na Suwidin ya fara sayar da kamfas mai zaune a kan faranti mai ganin ciki, wanda ake ɗorawa a kan taswira a ɗauki kusurwa kai tsaye. Sauran aikin na jiki ne. Kowane mai hawa ya san taku nawa ke kai shi mita 100, yana ƙirga duk saukar ƙafa ɗaya, yawanci sittin da wani abu, kuma ya san adadin na ƙaruwa idan ƙanƙara ta kai gwiwa ko iska na tura shi baya. Idan farin ya yi tsanani, sai a dunƙula ƙanƙara a jefa gaba a ga ko za ta sauka a kan wani abu, ko a ɗaura wa aboki igiya a tura shi 'yan mita, na baya yana duban kamfas yana yi masa ihun dama ko hagu.

Sana'a ce mai kyau, kuma wanda ya iya ta ya cancanci girmamawa. Amma tana da rauni guda. Kamfas alƙibla yake nunawa, ba ya faɗa wa mutum inda yake tsaye. Duk lissafin ya rataya ne a kan wurin da aka san an taso, kuma kowane ƙaramin kuskure yana hawa kan na baya. A watan Nuwamban 1971, a filin saman tsaunukan Cairngorm da ke gabas, guguwar ƙanƙara ta rutsa da wasu 'yan makaranta daga Edinbura suna neman wani ɗakin fakewa. Suka kasa kai wa, suka kwanta a fili, alhali ɗakin bai fi 'yan ɗaruruwan mita daga inda suke ba. Yara biyar da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu suka rasu. Har yau ita ce asarar rayuka mafi muni a tarihin hawan dutse a Birtaniya.

Masu safiyo su ma da ido suke aiki. Daga 1936, ƙarƙashin jagorancin Martin Hotine, Ordnance Survey ta kafa ginshiƙan kankare kimanin 6,500 a kan tuddai, kowanne da farantin tagulla a kansa inda ake zaunar da na'urar auna kusurwa. Da dare ake aikin, ana hangen fitilun da aka kunna a kan wasu tuddan. Da aka zo auna Ben Nevis a 1949, mutum bakwai suka kwana ashirin a sama suna jiran hazo ya ba su sarari.

A can wata duniyar kuma, wani abu na tsirowa wanda bai da alaƙa da masu yawon dutse. Da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957, wasu masana biyu a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, William Guier da George Weiffenbach, suka gano za a iya sanin inda tauraron yake ta sauraron yadda sautin rediyonsa ke canjawa. Aka juya dabarar: idan an san inda tauraro yake, ana iya sanin inda mai sauraro yake. A 1973 ma'aikatar tsaron Amurka ta amince da shirin GPS ƙarƙashin Bradford Parkinson, aka harba tauraron farko a 1978. Bayan Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya kauce hanya a 1 ga Satumba 1983, mutum 269 suka hallaka, Shugaba Reagan ya yi alkawarin za a bar farar hula su amfana da tsarin. Taurari 24 ɗin da ake buƙata suka cika, aka ayyana kammaluwar aiki a 1995.

Na'urar hannu ta farko da aka kai kasuwa, Magellan NAV 1000 ta 1989, don masu jirgin ruwa aka yi ta. Kuɗinta ya kusa dala 3,000, tana cin batir shida cikin 'yan awoyi, kuma taurarin ɗaya bayan ɗaya take saurara, sai an yi haƙuri kafin ta ce wani abu. A teku, inda sama a buɗe take ko'ina, wannan ba matsala ba ce. A shekarar ne kuma Gary Burrell da Min Kao suka kafa Garmin, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 an samu ƙananan na'urori masu sauraron taurari goma sha biyu a lokaci guda, a farashin da mai albashi zai iya. Sai dai akwai wani cikas da gangan aka sa shi. Sojojin Amurka suna gurɓata siginar farar hula don kada abokan gaba su more ta, har kuskuren ya kan kai mita 100, kuma ba tsayayye ba ne, yawo yake. A tuna matakin farko na saukowa daga Ben Nevis mita 150 ne. Na'urar da ke iya ɓata mita 100 a tafiyar mita 150 tsakanin ramuka biyu, tsofaffin masu hawa ba su yi laifi ba da suka ƙi ba ta amana.

A daidai waɗannan shekaru aka yi wata rigima a kan dutsen da ta nuna yadda mutanen wurin ke kallon duk wani sabon taimako. Tsakanin 1990 da 1995 mutum 13 suka mutu a Ben Nevis, ko da yake takwas daga cikinsu faɗowa suka yi wajen hawan bango. Ƙungiyar ceto ta Lochaber, 'yan sa kai ne da ke barin aikinsu da barcinsu su fita neman ɓatattu, ta kafa turakun ƙarfe biyu a filin sama don su nuna inda ake juyawa. Ba a daɗe ba wasu masu hawa suka je suka sare su. Hujjarsu ita ce turakun na ɓata wa dutse kamanninsa, suna kuma sa wanda bai iya ba ya ɗauka ya tsira. Maganarsu ba ta rasa gaskiya ba, amma wanda ya saba ɗauko gawa daga Five Finger a kan makara ya fi cancanta a saurare shi, kuma sare abin da aka kafa don ceton rai ba hanyar cin gardama ba ce. Daga baya aka daidaita a kan jerin tsibin duwatsu da ke bin layin saukowa, waɗanda su ma ƙanƙara kan binne a shekarar da ta yi yawa.

A farkon Mayun 2000 Shugaba Clinton ya ba da umarni a daina gurɓata siginar. Cikin dare ɗaya kuskuren ya sauko daga mita 100 zuwa kimanin goma. Daga ranar ne tambayar ta zama ta gaske: shin a dogara da abin nan a kan dutse?

Amsar na cikin yadda na'urar ke aiki. Sauraro kawai take yi, ba ta aika komai, ba ta kuma buƙatar layin waya. Kowane tauraro, a nisan kilomita 20,200, yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelar lokaci da inda yake. Saƙon na tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, na'urar kuma ta auna jinkirin isowarsa ta mayar da shi nisa. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300 a ƙasa. Tana buƙatar aƙalla taurari huɗu, uku don wuri, na huɗu don gyara agogonta mai araha. Kafin saƙon ya iso ya yi rauni ƙwarai, amma gajimare da hazo da ruwan sama da dusar ƙanƙara ba sa tare shi yadda za a damu. Abin da ke tare shi dutse ne, da jiƙaƙƙen ganye mai kauri, da jikin mutum kansa idan ya rungume na'urar.

Ke nan a filin saman Ben Nevis, ranar da ido bai ga komai ba, a nan GPS ta fi ƙarfi. Sama a buɗe take ta kowace fuska, taurari sun warwatsu gabas da yamma da kudu, lissafi ya fita tsaf. Wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce, kuma duk mai raina ta bai yi wa waɗanda suka mutu kusa da mafaka adalci ba.

Labari na canjawa da zarar an sauka cikin kwazazzabo ko gindin bango. Wanda ke cikin rijiya ɗan da'irar sama kawai yake gani, haka na'urar take a Five Finger ko a ƙarƙashin bangon arewa. Taurarin da suka rage mata kaɗan ne, kuma sun taru wuri guda, layukan awonsu na haɗuwa a matsattsiyar kusurwa, sai ƙaramin kuskure ya kumbura ya zama babba. Sannan ga amsa-kuwa. Saƙon da bango ya tare yana iya bugun wani bangon ya dawo, ya iso a makare bayan ya yi zagaye, na'urar kuma ta ɗauka kai tsaye ya zo. Ɗigon da ke kan allo sai ya yi tsalle mita ashirin, talatin, wani lokaci ya haye ɗaya gefen rafi, alhali mai ita bai motsa ba. Abin da ya fi haɗari, lambar da na'urar ke nunawa a matsayin iyakar kuskurenta ƙiyasi ne nata, kuma amsa-kuwa na iya ruɗin ƙiyasin kansa.

Sikotland na da ƙarin nata. Hanyoyin taurarin GPS sun karkata digiri 55 ne daga tsakiyar duniya, Ben Nevis kuwa yana kusa da digiri 57 arewa. Don haka sararin arewa kusan fanko ne, sai 'yan taurarin da ke leƙowa ƙasa-ƙasa. Mai hawan da ke kusa da bukkar CIC, wadda aka gina a 1929 a gindin bangon arewa, dutsen ya tsaya tsakaninsa da ɓangaren saman da ya fi taurari. Taurarin gyara na Turai, EGNOS, su ma a saitin tsakiyar duniya suke tsaye, ƙasa-ƙasa ta kudu, bango ɗaya ya isa ya ɓoye su.

Awon tsayi ya fi na wuri rauni, sau biyu ko fiye, saboda duk taurarin a sama suke, babu na ƙasa da zai daidaita lissafin. A jikin gangare mai tsini kuwa tsayi ne ke gaya wa mutum ko ya kai inda zai ratsa. Shi ya sa na'urori masu kyau ke ɗauke da ma'aunin nauyin iska, wanda shi ma idan hadari na tafe yakan nuna mutum ya hau alhali yana zaune. Masu sanin aiki kan sake saita shi duk inda suka iso wurin da taswira ta faɗi tsayinsa, kamar tafkin rabin hanya.

Akwai kuma kuskuren da na mutum ne tsantsa. GPS da ma'aunin duniya na WGS84 take lissafi, taswirorin Birtaniya kuwa a kan nasu ma'aunin na 1936 aka zana su, kuma tazarar biyun takan kai mita 100. Wanda ya manta bai saita na'urarsa ba, ya karanta lamba ya ɗora a taswira, ya ajiye kansa inda ba ya nan. Masu safiyo a Najeriya sun san irin wannan tsakanin tsofaffin taswirorin da aka kafa a kan ma'aunin Minna da abin da na'ura ke bayarwa.

Takarda ma ba ta kuɓuta ba. A fitowar Fabrairun 2004, mujallar Trail, wadda masu yawon dutse ke karantawa sosai, ta buga bayanin saukowa daga Ben Nevis da matakin farko ya ɓace wajen gyaran rubutu. Wanda ya bi abin da aka buga daga ƙololuwa, bakin bangon arewa zai nufa kai tsaye. Ƙungiyar masu hawan dutse ta Sikotland ta yi gaggawar gargaɗi, mujallar ta nemi afuwa.

Na'urorin sun ci gaba da gyaruwa. Wajen 2005 aka samu masu kunnen da ke jin sigina mai rauni a ƙarƙashin itatuwa da cikin kwari, ko da yake kunne mai kaifi amsa-kuwa ma yana ji. Rasha ta cike tsarinta na GLONASS a 2011, wanda taurarinsa suka fi karkata arewa, abin da ya yi wa ƙasashe irin Sikotland daɗi. Galileo na Turai ya fara aiki a 2016, BeiDou na Sin ya kammala a 2020. Na'urar da a da ke fafutukar samun taurari huɗu a kwazazzabo, yanzu tana da ninkin-ba-ninkin da za ta zaɓa. Sababbin kuma suna sauraron zango biyu a lokaci guda, abin da ke rage ruɗin amsa-kuwa sosai. A 2016 Ordnance Survey ta sanar cewa ta koma ƙololuwar da na'urar safiyo ta GPS. Awa biyu ta saurara, aka samu mita 1,344.527. Bambancinsa da awon mutanen 1949 'yan santimita ne, amma ya isa a ɗaga lambar taswira daga 1,344 zuwa 1,345. Aikin ya nuna ƙarfin sabuwar dabara, ya kuma wanke waɗanda suka yi da fitila.

Sai dai ko na'urar da ba ta kuskure ko taƙi ɗaya ba ta san abin da ya canja bayan an zana taswira ba. A hunturu iska na tara ƙanƙara a bakin bangon arewa, ta yi leɓe mai fita mita da yawa a kan sarari, wani lokaci har cikin Yuni. Daga sama kamar ƙasa yake. Layin da wani ya ɗauka da na'urarsa a watan Agusta, yana bin gefen rami don kallo, idan wani ya sauke shi ya bi a Fabrairu, a kan wannan leɓen zai ɗora shi. Haka kuma ɗigo a kan allo ba ya cewa gangaren da ke gaba zai zame.

Da wayar salula ta maye gurbin na'urar musamman a aljihun yawancin mutane, matsalar ta koma wani wuri. Kunnen GPS na wayar zamani ba shi da laifi. Batirinta ne ke mutuwa farat ɗaya a sanyi, allonta ba ya jin jiƙaƙƙen yatsa ko safar hannu, taswirar kuma idan ba a sauke ta tun a gida ba, sai a ga ɗigo a kan farin allo. Mafi muni, manhajar da aka yi don mota ba ta san dutse ba. A Yulin 2021 ƙungiyar Mountaineering Scotland da gidauniyar John Muir Trust, mai kula da saman dutsen, suka yi gargaɗi cewa wanda ya nemi Ben Nevis a Google Maps ana kai shi wurin ajiye motoci na ƙarshen kwarin, sannan wani layi mai ɗigo-ɗigo ya miƙe zuwa ƙololuwa ta wurin da babu hanya, sai duwatsu masu tsini da ko gwani zai sha wuya. Kamfanin ya gyara, ya mayar da masu mota cibiyar baƙi inda hanyar gaskiya ta fara.

Masu cewa a koma kamfas kaɗai su ma sai su yi hattara. A tsaunukan Cuillin na tsibirin Skye akwai duwatsu masu maganaɗisu da ke karkatar da allura. Kuma ƙungiyar ta Mountaineering Scotland ta sha jan kunne cewa maganaɗisun da ke jikin waya, ko marufin jakarta, ko maɓallin safar hannu, na iya juya allurar kamfas gaba ɗaya, arewa ta koma kudu. Abin da malaman hawa ke koyarwa yanzu ya fi hankali: a riƙe taswirar takarda da kamfas a iya su, a ajiye waya a aljihun ciki inda ɗumin jiki zai kare batir, nesa da kamfas, a ciro ta a tabbatar da wuri a inda sama ke buɗe kafin a shiga matsatsi, kuma idan ɗigo ya saɓa wa abin da ƙafa ke ji na hawa ko gangara, a tsaya a sake dubawa.

Inda GPS ta fi canja aiki shi ne wajen masu ceto. A da, kiran gaggawa kan zo da bayanin da bai wuce "muna wani wuri a sama, ba ma ganin komai" ba, sai a baza mutane dare guda ana lalube. A 2011 Russ Hore, na ƙungiyar ceto ta kwarin Ogwen a Wales, ya ƙirƙiro SARLOC: a tura wa ɓatacce saƙon tes, ya taɓa, wayarsa ta aiko da inda take, muddin akwai ɗan layin intanet. A Fabrairun 2020, ana tsakiyar guguwa, wasu matasa huɗu suka maƙale kusa da saman Ben Nevis, babu taswira, babu gatarin ƙanƙara, uku daga cikinsu da takalmin wasanni. Wata manhajar waya ta ba da wurinsu, kuma wurin ya fita daidai, a bakin gangaren Coire Eoghainn ta kudu. Iska ta hana jirgi mai saukar ungulu kai wa sama, don haka 'yan sa kai 22 na Lochaber suka hau da ƙafa cikin guguwar, suka same su, suka sauko da su har inda jirgin ya iya ɗaukarsu, aka kai su asibitin Fort William. Bayan 'yan kwanaki matasan suka aika wa ƙungiyar takardar ban haƙuri da kyaututtuka da gudummawar fam 200.